Tambayoyin Masu Karatu: Gatarin da Aka Samu a Bangon Gida a Birni, Shekarunsa Nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A daminar bara ruwa ya rusa wani tsohon ɗaki a gidanmu na gado da ke unguwar Birni a nan Damagaram, kuma da muke kwashe ƙasa sai muka tarar da wani gatari a cikin alkukin bango, an naɗe shi da tsumma. Tsawon ruwansa santimita 19 ne, faɗin bakinsa ya kai yatsu huɗu, yana tsukewa har ya ƙare da wutsiya mai tsini wadda ta ratsa kan ƙota. Babu rubutu a jikinsa, sai ɗigo uku da aka buga kusa da wutsiyar, kuma inda tsatsa ta ci shi ana ganin zane-zane a tsaye kamar jijiyar itace. Ƙotar ta tsage, an ɗaure ta da waya. Gwaggona, wadda ta haura shekara 80, ta ce na kakanta ne, wanda ya yi wa Sarki Tanimun yaƙi. Wani dillali ya taya jikka 25, ya kuma ce in na kai an goge shi da inji zai ƙara kuɗi. Ina son sanin ko akwai hanyar gane shekarunsa da inda aka ƙera shi. Daga wani mai karatu a Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ina roƙonka kada ka bari inji ya taɓa wannan gatari, ko da dillalin ya ninka tayinsa sau goma. Duk abin da zai iya ba da shaida a kan shekarunsa, wato sawun masaɓa, layin da aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, zane-zanen nan da ka gani da kuma ɗigo ukun, yana zaune ne a fatar ƙarfen, kuma minti biyar a bakin inji ya isa ya share su baki ɗaya. Abin da zai dawo hannunka ƙarfe ne mai walƙiya wanda babu mai iya raba shi da na kasuwar jiya.

Yawancin mutane da tsatsa suke fara auna tsufa, alhali ita ce shaidar da ta fi kowace rauni. Ƙarfen da ya kwana damina uku a ƙasa mai danshi, musamman ƙasa mai kanwa ko gishiri irin ta yankin Manga, yakan fi lalacewa a kan wanda ya shekara 100 a busasshen alkuki kamar naku, kuma masu sayar wa baƙi kayan tarihi sun daɗe da sanin yadda ake binne sabon ƙarfe na ɗan lokaci don ya yi kamar tsoho. Siffar gatarin ma ba ta yanke hukunci. Ruwa mai wutsiya da ke ratsa kumburarren kan ƙota ita ce ƙirar da aka sani a ƙasar Hausa da Barno da sauran sassan Sahel tun tale-tale, kuma har gobe irinta ake bugawa a maƙerun Damagaram. Siffar ta gaya maka cewa aikin ƙasar nan ne, ba na Turai ba, domin gatarin Turawa rami gare shi a ƙeya, ƙota ce ke shiga cikin ƙarfe. Amma ba ta gaya maka ko an ƙera shi a 1870 ko a 1970 ba.

Inda maganar take shi ne a zane-zanen nan masu kama da jijiyar itace, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kafin ƙarfen Turai ya cika kasuwa, maƙeran baƙin ƙarfe daga tama suke samun ƙarfensu. Ana haƙo ta, a farfasa, a jera ta da gawayi a cikin murhun yumɓu, galibi gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, a yi ta hura wuta na tsawon sa'o'i. Zafin irin wannan murhu ba ya kai wa ƙarfen ya narke ya zama ruwa, domin hakan yana bukatar fiye da digiri 1,500, shi kuwa murhun yakan tsaya ne wajen 1,200. Abin da ke narkewa shi ne dattin dutsen, ƙarfen kuma ya taru a ƙasa ya zama dunƙule mai ramuka kamar soso, cike da kashin ƙarfe. Sai maƙeri ya mayar da dunƙulen wuta, ya ɗora shi a kan uwar maƙera, ya yi ta duka yana ninkawa yana haɗawa, har yawancin kashin ya fita. Wanda ya rage ba ya fita har abada. Duka ne ke miƙar da shi ya zama siraran zaruruwa masu bin tsawon ƙarfen. Tsatsa tana cin ƙarfe ta bar waɗannan zaruruwa, shi ya sa tsohon ƙarfen tama yake fitar da jijiya kamar busasshen itace.

Ƙarfen masana'anta na zamani ba haka yake ba. Tun daga 1856, lokacin da Bature Henry Bessemer ya fito da hanyarsa a Ingila, aka shiga narkar da ƙarfe gaba ɗaya da yawa kuma da araha, datti ya taso sama a kwashe shi, abin da ya rage ya zama bai ɗaya ciki da waje. Idan irin wannan ya yi tsatsa, ƙananan ramuka yake yi kamar zanzana, ko ya riƙa ɓarewa ɓawo-ɓawo, ba ya nuna jijiya. Daga lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka fara zirga-zirgar gyaɗa tsakanin Damagaram da Kano, sai maƙera suka koma ga guntayen ƙarfen waje, har sifirin mota ya zama abin da aka fi so a yi gatari da shi, saboda taurinsa da riƙe kaifi.

Na taɓa ganin bambancin da idona a wata maƙera kusa da kasuwar Dole. Wani dattijon maƙeri ya ɗauko guntun tsohuwar fartanya da ya ce ta tama ce, ya sara ta rabi da kurfi, ya maƙale ta da awartaki ya lanƙwasa. Ba ta karye ba, sai ta yage, zaruruwa suka fito kamar an tsaga rake. Ya yi wa guntun sifiri haka nan, sai ya ɓalle ɓas, bakin karayar kuwa tsaki-tsaki ne masu ƙyalli kamar gishiri. Bayan nan ya rataye kowanne da zare ya ƙwanƙwasa, na sifiri ya yi amo mai tsawo, na tama ya yi gajeren amo mai dushewa. Ba na cewa ka sari gatarinka, Allah ya kiyaye, amma gwajin amo ba ya cutar da komai, kuma tsofaffin maƙera da kunne suke fara gane ƙarfe kafin ido.

To, in har jijiyar nan ta tabbata, ka samu babbar shaida, sai dai tana da iyaka ta fuska biyu, kuma wajibi ne in faɗa maka su. Ta farko, narkar da tama ba ta tsaya ranar da Faransawa suka shigo ba. Ta yi ta ja da baya ne sannu a hankali, har ma a ƙasar Adar mai bincike Nicole Echard ta tarar da maƙeran da suka san aikin a shekarun 1960. Bugu da ƙari, maƙeri ba ya zubar da ƙarfe: tsohuwar hauya takan zama gatari, gatarin da ya cinye ya zama gizago, gizago ya ƙare a matsayin basilla. Saboda haka ƙarfen yana iya girme wa gatarin da shekaru masu yawa. Ta biyu, su ma Turawa sun yi ƙarfe mai jijiya kafin hanyar Bessemer ta maye gurbinsa, kuma sandunansa sun daɗe suna shigowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Bambancin da ake lura da shi shi ne, na Turai da aka murza da inji jijiyarsa a miƙe take, a jere, tazararta daidai, na tama kuwa takan karkace, ta yi kauri a nan ta sirance a can, a kuma ga wuraren da ninki bai kama sosai ba, kamar ƙaramar tsaga mai bin tsawon ruwan. Ka samu gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, ka fitar da gatarin da hantsi, ka karkata shi yadda haske zai bi ta gefe, ka duba da kyau. Ka kuma duba ko akwai ɗinkin walda ko ƴan layuka masu lanƙwasa na dutsen inji. In ka ga ɗaya daga cikinsu, to hannu ya taɓa shi a zamanin wutar lantarki, ko da asalinsa tsoho ne.

Ƙotar kada ta ruɗe ka. Gatarin da ake aiki da shi yakan canza ƙota sau da yawa a rayuwar mutum ɗaya, ko ta aduwa ce ko ta wani itace mai tauri, kuma wayar da ka gani tana nuna cewa an ci gaba da amfani da shi, ko aƙalla an gyara shi, a zamanin da waya ta wadata a kasuwa. Wannan bai ƙaryata gwaggonka ba, ya dai nuna cewa ba a ajiye gatarin a alkuki tun zamanin Tanimun ba. Ka bar ƙotar da wayar yadda suke, har tsumman da aka naɗe shi ma ka adana, domin in saƙi ne na hannu ko yadin kanti ne, shi ma yana da abin da zai faɗa game da ranar da aka ɓoye shi.

Sai batun inda aka ƙera shi, wanda ya fi na shekaru wuya. Maƙeranmu ba su da hatimi mai rajista irin na kamfanonin Turai, don haka ɗigo ukun nan suna iya zama ado, ko alamar mai gatarin don kada ya ɓace a cikin na jama'a, ko kuma al'adar wani gidan ƙira. Damagaram kuwa mahaɗar hanyoyi ce: ayarin da ya taso daga Tarabulus ta Ghat da Agadas a nan yake yada zango kafin ya wuce Kano, ga kuma hanyar gabas zuwa Kukawa, don haka kayan ƙarfe da maƙeran kansu sun yi ta kai da kawo. Maƙeran Buzaye, waɗanda ake kira inadan, an san su da zanen layuka masu kyau da saka jan ƙarfe ko farin ƙarfe a jikin aikinsu, kuma rashin wannan a gatarinka ya sa na fi karkata ga maƙerin Bahaushe ko na Barebari. A zamanin Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwar Birni, aka kuma ƙera bindigogi da igwa a cikin garin, Damagaram ta tara ƙwararrun maƙera, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce a nan gida aka buga shi. Wanda zai fi ni sanin wannan shi ne Sarkin Maƙera da dattawan da ke kewaye da shi. Ka kai musu gatarin da kanka, ka gaishe su yadda ya kamata, ka bar su su juya shi a hannu ba tare da ka fara ba su labarin Tanimun ba, domin in ka riga ka faɗa, kunya za ta sa a tabbatar maka da abin da kake son ji.

Game da maganar gwaggo, lissafi yana taimakawa. In an haife ta wajen 1940, kuma mahaifinta yana da shekara 35 a lokacin, shi ma nasa mahaifin haka, to kakan nata an haife shi wajen 1870, yana ɗan shekara 14 Tanimun ya rasu. Irin wannan ya fi dacewa da zamanin Sarki Amadu Kuran Daga da yaƙin Tirmini na 1899, inda Faransawa suka ci Damagaram. In kuwa kowannensu ya haifi ɗansa yana da shekara 45, abin da ba baƙo ba ne a gidajen da ake da mata fiye da ɗaya, to haihuwar kakan ta koma wajen 1850, kuma ya isa ɗaukar makami a rundunar Tanimun. Ka ga labarin yana iya tsayuwa da ƙafarsa. Abin da zai daidaita shi shi ne ka zauna da ita tun tana da ƙarfin tunawa, ka tambaye ta ko ta ga kakan da idonta, ko mahaifinta ɗan fari ne ko auta, ko an haife shi kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko bayanta, da kuma wanda ya gina ɗakin da ya rushe. Ka ɗauki muryarta a waya, ka kuma rubuta a takarda ka ajiye tare da gatarin. Ina matsa maka a kan wannan ne saboda na sha ganin kayan gado masu daraja da suka zama ƙarfe kawai, don wadda ta san labarinsu ta rasu ba a tambaye ta ba.

Abu ɗaya da zan rage wa labarin shi ne, yadda ka kwatanta shi, gatarin aiki ne, ba barandami ba. Makamin yaƙi yakan fi sirantaka da sauƙin ɗauka, bakinsa ya fi buɗewa, sau da yawa kuma da ado. Ka duba bakin naka: in ya cinye ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, ya kuma daƙushe saboda yawan wasawa, to itace ya sha sara shekara da shekaru. Hakan bai hana mai shi zama mayaƙi ba, tunda runduna ma tana bukatar mai saran itace da mai kafa sansani.

Akwai gwajin kimiyya, gaskiya ne. Ƙarfen da aka narka da gawayi yana riƙe da ɗan sinadarin kabon daga itacen, kuma ana iya auna shekarunsa, amma sai an yanki guntu, an tura ƙasar waje, an biya kuɗin da ya ninka tayin dillalin sau da yawa, sannan wannan awo ba ya rarrabe shekarun da ke tsakanin wajen 1650 da 1950 da kyau, wato daidai lokacin da kake tambaya a kai. Ya fi amfani ga abubuwa masu nisa, kamar wuraren narkar da tama na dutsen Termit a Nijar da na Taruga a Najeriya, waɗanda suka haura shekara 2,000. Na fi ba ka shawarar ka nuna shi a gidan adana kayan tarihi na nan Damagaram, ko ka aika hotunansa ga masu binciken tarihi na IRSH, cibiyar binciken kimiyyar zamantakewa da ke Yamai, tare da ma'auni a gefensa.

Hukuncina, bisa abin da ka rubuta, shi ne gatarin aiki ne na ƙirar ƙasar nan, mai yiwuwa na ƙarfen tama, wanda ya fi kyautuwa a sanya shi tsakanin rabin ƙarshe na ƙarni na 19 da farkon na 20. Ka share ƙurarsa da busasshen burushi mai laushi, ka shafa wa ƙarfen ɗan man keken ɗinki kaɗan, ka ajiye shi nesa da danshi da gara. Kada ruwan batir ko lemun tsami ko yashi su kusance shi. In ka ga jar tsatsa mai jiƙa tana tsattsafowa, wannan alamar gishiri ce a cikin ƙarfen, sai ka kai wa ma'aikatan gidan tarihi. Sayarwa kuwa ba na ba ka shawararta, kuma ka sani cewa dokar Nijar ta 1997 a kan kare kayan tarihi ta sa sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya bar mana wani gatari mai nauyi, mai rami a ƙeya, an buga masa haruffan boko da suka goge, abin da ake iya karantawa shi ne ENBERG. Ana cewa daga wurin sojan Faransa ya fito. Daga wata Hajiya a Mirya.

Amsa: Hajiya, naki ya fi sauƙi, domin ya zo da sunansa. Haruffan nan kusan tabbas ƙarshen sunan Goldenberg ne, kamfanin kayan aiki da aka kafa a 1835 kusa da garin Saverne a yankin Alsace, wanda kayansa suka bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ramin ƙeyar da hatimin sun nuna aikin masana'anta ne, inda manyan guduma masu aiki da ruwa ko tururi ke yin dukan, ko da yake mutum ne ke juya ƙarfen. Ki duba kamar yatsu biyu daga bakin, ko za ki ga wani siririn layi inda launin ƙarfen ya canza. In akwai shi, an haɗa baki mai tauri ne a jikin ƙarfe mai laushi, tsohuwar dabara ce da aka yi ta bari yayin da ƙarfe mai tauri ya yi araha. Hatimin yana gaya miki wanda ya ƙera, ba ya gaya miki ranar da gatarin ya iso Mirya, amma zai yi wuya ya riga 1899, kuma ya fi dacewa da shekarun da Damagaram take babban birnin Nijar, kafin a mayar da shi Yamai a 1926, ko bayan haka ta hannun kantunan Faransawa masu sayen gyaɗa. Ki ɗora farar takarda a kan hatimin ki goga fensir a hankali, sau da yawa haruffa da ƙaramin tambarin da ido bai gani ba sukan fito.

Tambaya: Ɗana ya tsinto wani baƙin dutse mai santsi a daji arewa da Tanut, siffarsa ta gatari, bakinsa da kaifi. Mutane sun ce gatarin aradu ne. Daga wani makiyayi.

Amsa: Malam, sunan da aka ba ka shi ne wanda kowa ya sani, amma hannun mutum ne ya sassaƙa shi ya goge shi, ba tsawa ce ta jefo shi ba, ruwan sama ne ke wanke ƙasa ya tono shi, shi ya sa ake yawan samunsa bayan hadari. Irin waɗannan gatura na mutanen da suka zauna a Sahara ne lokacin da take da tafkuna da ciyawa, kafin a san ƙarfe, kuma da yawansu sun haura shekara 4,000, wato sun girme wa gatura biyun da ke sama nesa ba kusa ba. Ka sa yaron ya nuna maka daidai inda ya ɗauke shi, ka lura ko akwai fasassun tukwane ko duwatsun niƙa a wurin, kada ku tona, ka kuma sanar da ma'aikatan gidan tarihi idan ka shigo Damagaram.